Mawaƙi Baƙo: Darasi a Kan Tafiyar Waƙar Bishara Zuwa Ƙetaren Iyaka



Kowace shekara, da zarar hutu ya matso, sai maganar tafiya waƙa Jamhuriyar Nijar ta tashi a makaranta. Wani yana so a sa sunansa domin bai taɓa ƙetare iyaka ba, wata domin ƙawarta za ta, wani kuwa da gaske zuciyarsa tana kan bishara. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba, gama yaro da son gani aka san shi. Amma a ɗauki 'ya'yan mutane talatin a kai su wata ƙasa, a sauke su a kan ikkilisiyar da ba ta da yawa, ba abin da za a yi da ka ba ne. Saboda haka kafin ku ci gaba, ku buɗe Bishara ta hannun Luka, sura 10, ku karanta daga aya 1 zuwa 12 har sau biyu. Abin da muke so mu koya tare shi ne wannan: ƙungiyar da ta tafi ta yi kwana bakwai ko goma baƙuwa ce a gidan ikkilisiyar da ta riga ta zama a wurin, kuma da abin da ya rage wa masu gida bayan motarmu ta juyo ne za a auna aikinmu.

Wa za mu tarar a can?

Daga nan Ƙofar Durbi, in mota ta ratsa gari ta kama hanyar Jibiya, ta ƙetare iyaka a Magama, ta bi ta Ɗan Isa, wajen kilomita 100 ne sai ga Maraɗi. Kano ma ta fi Maraɗi nisa daga gare mu. Masu karatun tarihi a cikinku sun san dalilin da ya sa garuruwan nan biyu suke kamar wa da ƙane. Bayan da mulkin Katsina ya koma hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan dā suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Har yanzu Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi, kuma sunayen da muke kiran ƙofofinmu da su, wato Durbi da Ƙaura da 'Yanɗaka, sarautu ne da aka san su a fadarsa. Turakun iyakar da ke tsakaninmu, Turawan Ingila da na Faransa ne suka kafa su tsakanin 1906 da 1908.

Ta wajen ikkilisiya ma haka abin yake. Mishan ɗin SIM ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi kafin 1930, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, sa'an nan asibitin kutare na Danja a 1956, wanda za ku wuce ta kusa da shi kafin ku shiga Maraɗi. Mishan ɗin nan ne kuma ya karɓi aikin kutare a Babbar Ruga, nan kusa da mu, a shekarun 1930. Ikkilisiyar ECWA da aka kafa a Nijeriya a 1954, da ta EERN da aka kafa a Nijar a farkon shekarun 1960, uwa ɗaya ce ta haife su. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932, su da mu muka gāje shi.

Mun kawo wannan tarihi ne domin mu cire wani tunani da yakan shiga kan matasa, cewa za su kai haske inda ba a taɓa jin sunan Yesu ba. A Maraɗi da ƙauyukanta akwai dattawan da suka riƙe bangaskiya tun kafin a haifi iyayenku. Gaskiya ne ba su da yawa. Bisa ga ƙidayar 2012, Kirista a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. To, mutumin da ya yi shekara arba'in yana sujada a ɗakin ƙasa tare da gida biyar ko shida, ba ɗan aji biyar ne zai koya masa jimiri ba.

Mutum biyu da mutum talatin

A cikin Luka sura 10, Ubangiji ya aiki mutum saba'in (a wani juyin, saba'in da biyu) zuwa garuruwan da shi kansa zai bi. Ya hana su ɗaukar jaka, ya umarce su su zauna a gidan da ya karɓe su ba tare da sauye-sauyen masauki ba, su kuma ci abin da aka sa a gabansu. Sau da yawa mukan ji matasa suna kafa hujja da wannan wuri cewa ba sai an yi guzuri ba, Allah zai tanada ta hannun 'yan'uwa. Muna roƙonku ku sake duba aya ta fari. Biyu biyu ya aike su. Kowane magidanci yana iya ƙara mutum biyu a kan tukunyar gidansa ba tare da 'ya'yansa sun kwana da yunwa ba. Mutum talatin wata magana ce dabam.

Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Mutum 30, kwana 7, abinci sau 3 a yini, kwano 630 ke nan. Ku ƙara ruwan sha da na wanka, wanda a ƙauyuka da yawa mata da 'yan mata ne za su jawo shi daga rijiya mai zurfi da guga. Ku ƙara itacen girki a ƙasar da itace yake da tsada. Ku kuma tuna cewa Bahaushe, na can da na nan, ba zai taɓa ce wa baƙo ya yi masa nauyi ba. Zai yanka zakaran da yake kiwo, ko akuyar da ya ajiye domin sunan jikansa, ya yi ta murmushi yana cewa, “Ai ba kome, kun gode Allah.” Sai bayan kun tafi matarsa za ta leƙa rumbu.

Manzo Bulus ya san wannan hali. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa, sura 3, ya tuna musu yadda ya yi aiki da hannunsa dare da rana domin kada ya nawaita wa kowa, ko da yake yana da iko ya ci daga gare su. Mu da ba manzanni ba, abin da ya kamace mu shi ne mu tafi da hatsinmu da manmu da kuɗin cefanenmu, mu danƙa su a hannun shugabar Zumuntar Mata ta wurin tun ranar da muka sauka, a asirce, ba a gaban jama'a ba. Sa'an nan abin da suka dafa mu ci da godiya. In tuwon gero ne da miyar kuka safe da dare, shi ke nan. In fura ce da rana, mu sha. Ɗalibin da ba ya iya kwana bakwai ba shinkafa, ya hutar da mu ya zauna gida. 'Yan matanmu kuma su shiga madafa su kama daka da wanke-wanke, samarinmu su ɗauki jarka su nufi rijiya. Kada a ga an zauna ana gwajin murya alhali tsohuwa tana ɗauko ruwa.

Lokacin tafiya ma yana cikin wannan magana. Babban hutunmu yakan faɗo a Agusta, a tsakiyar damina. A wannan wata mutanen ƙauye suna gona daga safe har la'asar, tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. Ba lokacin da talaka ya fi jin nauyin baƙo kamar wannan. Hutun Disamba ya fi, gama an gama kaka, rumbuna da ɗan abin da ke ciki, mutane suna gida da dare. Wahalarsa ita ce hunturu da ƙura, waɗanda suke shaƙe maƙogwaro, sai kowa ya riƙe bargo da mayafi, a rage shan ruwan sanyi. Hutun Ista kuwa yana zuwa cikin tsananin zafi, lokacin sanƙarau, ga kwana a cunkushe cikin aji ɗaya. Mu dai ra'ayinmu Disamba ne, amma masu gida ne suke da maganar ƙarshe, gama su ma suna da shirin Kirsimatinsu.

Waƙar da ake jin kalmominta

Yanzu mu zo ga waƙar kanta. A cikin 1 Korantiyawa sura 14, daga aya 7 zuwa 19, Bulus ya kawo misalin sarewa da molo da ƙaho, ya nuna cewa in sautinsu bai fita dalla-dalla ba, mai ji ba zai san abin da ake nufi ba. Ya kuma nuna cewa shi ya fi son 'yan kalmomi kaɗan da za su koyar da mutane, da dubban kalmomin da ba mai fahimta. A kan baiwar harsuna yake magana, amma ma'aunin ya hau kan mawaƙa daidai.

Abu na fari shi ne Turanci. Waƙoƙin Turanci da kuke ƙauna, waɗanda kuke koyo daga waya, ba su da aiki a can. Wanda ya yi boko a Nijar da Faransanci ya yi, wanda bai yi ba kuwa Hausa ce kaɗai ta haɗa ku. Mun taɓa ganin wata ƙungiya daga wani gari ta yi waƙa huɗu a jere da Turanci a gaban manoma da matansu. Muryoyin sun yi daɗi ƙwarai, aka tafa musu, domin mutanen masu kirki ne. Da aka tashi, wani dattijo ya tambayi fasto a hankali ko baƙin nan Kirista ne.

Abu na biyu ya fi wuyar ganewa, gama ya shafi waƙoƙinmu na Hausa. Da yawa daga cikin waƙoƙin da muke rerawa a sujada, an juyo kalmominsu ne daga Turanci aka ɗora su a kan karin da aka yi a Ingila ko Amurka. Waɗansu daga zamanin Ira Sankey ne, mawaƙin nan da ya bi mai wa'azi Moody daga Amurka zuwa Ingila a 1873. Shi ma mawaƙi baƙo ne, sai dai shi da masu jinsa harshensu ɗaya, kuma an yi karin ne domin wannan harshe. Hausa kuwa harshe ne da ma'ana take rataye a kan tsawon wasali da hawa da saukar murya. Ku faɗi “gado” na kwanciya, sa'an nan ku faɗi “gado” wanda ɗa yake ci daga ubansa. Ku faɗi “duka” na jimla, sa'an nan “duka” da sanda. A rubuce ɗaya suke, a baki sun bambanta. To, in karin waƙa ya gajarta inda ya kamata a ja, sai mawaƙi ya yi wa mutane albishir da gadon kwanciya a sama, shi kuwa yana nufin gādon 'ya'yan Allah. Mu da muka tashi da waɗannan waƙoƙi ba ma jin kuskuren, domin mun riga mun san abin da ake nufi. Baƙon kunne shi ne yake ji.

Maganin wannan ba wuya. Kafin tafiya, a samo wani wanda bai san waƙar ba, ko mai gadi ne ko mai sayar da ƙosai a bakin ƙofar makaranta, a rera masa baiti ɗaya, a ce ya maimaita abin da ya ji. In ya kasa, a gyara furucin ko a ajiye waƙar. Wannan gwaji ya fi kowane yabo na malamin waƙa amfani.

Ta wajen karin harshe, mu Katsinawa mun yi sa'a, gama bakinmu da na Maraɗi kusan ɗaya ne. Inda za ku yi tuntuɓe shi ne kalmomin aro. Su makaranta “lakwal” suke cewa, malamin boko “mushe”, kwastan kuma “duwan”. Kuɗi da dala suke ƙirga shi, dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, saboda haka in mai tebur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000. Ko a rubutu, inda muke sa 'y su ƴ suke sawa. Kada wani ya yi dariya in ya ji kalmar da bai saba da ita ba. Su ma in sun ji muna “firamare” da “sakandare” da “lebura”, haƙuri suke yi da mu.

Game da kayan kiɗa, akwai abin da ba a rubuta a littafin waƙa ba. Kowane abin kiɗa a ƙasar Hausa yana da gidansu. Tambari na sarakuna ne, kalangu an san shi da mahauta da 'yan mata, goge da garaya kuwa a wurare da yawa da bori aka san su. A ƙasar Maraɗi da Tsibiri bori yana da tsohon tushe, kuma a cikin masu bi akwai waɗanda daga cikinsa suka fito da wahala mai yawa. Kiɗan da a kunnenku gargajiya ce kawai mai daɗi, a kunnen irin wannan tsohuwa kiran wani iska ne da ta san sunansa. Ba muna cewa abin kiɗa yana da zunubi a jikinsa ba. Muna cewa ku tambayi dattawan ikkilisiyar tukuna, in sun ce a bar wani abu, a bar shi ba gardama. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai maganar na'ura. Ƙungiyoyi da yawa yanzu ba sa iya buɗe baki sai da kibod da jita da manyan lasifikoki da janareta. Ɗaukarsu yana cin rabin mota, man janareta yana cin rabin kuɗi, a kan iyaka kuma su ne suke jawo doguwar tambaya. Amma babbar illarsu ita ce abin da suke bari a baya. In matasan ƙauye suka yi mako guda suna jin wannan ƙara, ranar Lahadi ta gaba sai gangarsu da tulun iyayensu mata su zama abin kunya a idonsu, su fara ganin cewa yabon Allah na gaske sai mai kuɗi. Ƙungiyar da ta jawo wannan ta rage wa ikkilisiyar ƙarfi, ko da an cika fili kowane dare. Gwanintar da muke nema ita ce irin ta Kenaniya, wanda 1 Tarihi sura 15 ta nuna an sa shi shugaban waƙa saboda ya iya. Ƙungiyar da ta iya, tana iya tsayawa a gindin bishiya da ganga ɗaya da caki, a ji kowace kalma daga bayan taro.

Kututturen da ke cikin ƙasa

A 1981 wani ma'aikacin SIM mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo ƙasar Maraɗi domin aikin dashen itatuwa. Ya yi ta raba dashe daga gandun reno, yawancinsu suna mutuwa saboda iska da fari da dabbobi. Wajen 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan tsire-tsiren da ke cikin gonaki, waɗanda manoma suke sarewa kowace shekara lokacin sassabe, toho ne na kututturen itatuwan dā, masu saiwa mai zurfi da rai. Abin da suke bukata shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Manoma suka karɓi dabarar, suka yi ta koya wa juna daga ƙauye zuwa ƙauye, har gawo da kalgo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Shi kuwa mutumin nan shekara goma sha bakwai ko fiye ya yi a ƙasar.

Mu kwana bakwai za mu yi. In wanda ya zauna shekaru ya ga dashen da aka kawo daga waje bai cika kamawa ba, ina ga mu? A kowace ikkilisiyar ƙauye akwai wata mace mai bayar da waƙa wadda sauran mata suke yi wa amshi, akwai saurayin da yake ƙaga waƙa a gona ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ku neme su tun ranar fari. Ku fara da roƙonsu su koya muku tasu. Bayan haka a zauna tare da Littafi a buɗe, a ɗauki labari ɗaya, kamar na ɗa ɓatacce ko na Zakka, a sa shi a karin da bakinsu ya saba da shi, mai bayarwa yana ba da labari, jama'a suna amshi da gajeren layi. Irin wannan waƙa ba ta bukatar littafi ko wutar lantarki, kuma wadda ba ta iya karatu ba tana iya ɗaukar sura guda a ka ta tafi da ita wajen daka. Waɗanda suka ga zamanin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a shekarun 1960, za su gaya muku cewa gajerun waƙoƙi na amshi ne suka ratsa ƙauyuka a lokacin. In kun bar waƙa biyu irin wannan a bakin mutanen wurin, ku kuma kuka dawo da biyu daga nasu, tafiyar ta biya kuɗin motarta.

Wannan ne ma Bulus ya nufa a Romawa sura 1, aya 11 da 12. Ya fara da cewa yana marmarin zuwa ya ba su wata baiwa, nan da nan kuma ya ƙara bayani cewa nufinsa shi da su su ƙarfafa juna. Ikkilisiyar Roma ba shi ya kafa ta ba, ya kuwa san yadda ake shiga gidan da wani ya gina.

Wanda zai amsa tambaya bayan mun tafi

Duk mawaƙi ya san labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16: da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran 'yan sarƙa suna saurare. Akwai abu biyu a wurin da ba a cika tsayawa a kansu ba. Na ɗaya, ga Allah suke waƙar, ba habaici suke yi wa kowa ba. Na biyu, da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi, ba su gudu ba. Da sun gudu, da yari ne zai biya da ransa, har ma ya riga ya zare takobi zai kashe kansa. Sun tuna da wanda alhaki zai faɗa wa.

'Yan'uwanmu na Nijar suna zaune da maƙwabtansu Musulmi, yawanci lafiya lau, dangi ɗaya ne, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Amma sun ga kwanaki masu wuya. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, a watan Yuni 2019 kuma an ƙone wata a cikin Maraɗi. A wannan shekara ta 2019 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a kan sha'anin ibada da wa'azi. Saboda haka ba mu ne za mu yanke shawarar yin taro a fili ba, ko inda lasifika zai fuskanta, ko ƙarfe nawa za a tashi. Fasto na wurin ne zai faɗa, shi ne kuma zai kai shugabanninmu su gai da mai gari kafin a buga ganga ko ɗaya. In an kira salla, mu dakata har a idar. Waƙar da take da zambo ko gugar zana ga addinin wani, kada ta hau mota tare da mu. Kalma ɗaya ta ganganci daga bakin yaron da zai koma Katsina ranar Litinin tana iya rushe zaman lafiyar da wani dattijo ya yi shekara talatin yana ginawa.

Haka kuma hoto. Kada kowa ya ɗauki hoton wani mai bi, ko ya sa sunansa da sunan ƙauyensu a Facebook, sai da izinin fasto da na mai hoton. Akwai waɗanda danginsu ba su san suna zuwa sujada ba. Kada kuma a yi wa kowa alkawarin kuɗin makaranta ko waya ko aiki a Nijeriya. In an liƙa wa mai bayar da waƙa kuɗi a goshi, kamar yadda aka saba yi wa makaɗa, a karɓa da ladabi, a sa a baikon ikkilisiyar wurin. Mu ba maroƙa ba ne.

Hanya da takardu

A nan ba za mu daɗe ba, gama aikin malamai ne. Iyakar nan ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. A ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, saboda haka dole a bincika takardun da ake nema gab da tafiya, kada a dogara ga abin da aka yi bara. Kowa zai riƙe takardar shaidarsa ta tafiya da katin rigakafin shawara, shugaba kuma ya riƙe wasiƙar gayyata daga ikkilisiyar da za ta karɓe mu. Hanyar Jibiya ta sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, labarinta kuwa yakan sauya daga wata zuwa wata. Ba tafiyar dare, ba tsayawa inda ba a shirya ba. In hukumar makaranta ta ce bana ba za a tafi ba, ko da an gama koyon waƙoƙi an ɗinka anko, kada wani ya kira wannan rashin bangaskiya. Iyayenku amana suka ba mu.

Bayan dawowa

Da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya, a ƙarshen sura 14 ta Ayyukan Manzanni, sun tara ikkilisiyar da ta aike su suka ba da labari. Mu ma a taron safe na farkon zango za a ba da rahoto, ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe har kwabo, ƙungiya kuma ta koya wa dukan makaranta waƙoƙin da ta samo a can, ta faɗi ƙauyen da aka koyo kowace. Za a rubuta wa masu masaukinmu wasiƙar godiya cikin mako biyu, a kuma tambaye su a fili abin da suke so a sāke in an sake zuwa.

Zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuwa ba ta gefe ɗaya ba ce. Tun daga yanzu, a cikin kowace naira goma da aka tara domin tafiya za a ware biyu a ajiye, domin kuɗin motar mawaƙansu ranar da za su zo su rera mana a nan Ƙofar Durbi, su kwana a ɗakunanmu, mu ma mu ɗebo musu ruwa.

Masu son a sa sunansu a tafiyar Disamba su ga malamin waƙa a makon fari na zango. Koyo ranar Laraba da Asabar ne da la'asar, ba kibod, kuma wanda ya fasa zuwa sau uku ba dalili an cire shi. Wanda bai kawo takardar yardar iyayensa da sa hannunsu ba kafin hutun rabin zango, ba za a saya masa wurin zama a mota ba.